Ilimin da Bai Taɓa Hannu Ba

Ra'ayin da ya yi kanta a zukatan iyaye da hukumomi a Najeriya shi ne cewa ilimi na gaskiya yana cikin littafi da allo, aikin hannu kuwa rabon yaron da karatu ya gagara ne, kuma wannan ra'ayi kuskure ne mai tsada. Tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a, wanda manufar ilimi ta 1977 ta shimfiɗa aka kuma fara aiki da shi a 1982, an gina shi ne domin ɗalibi ya riƙe zarto da guduma tun yana ƙaramar sakandare. Sai dai injinan da aka shigo da su daga Gabashin Turai sun yi tsatsa cikin akwatunansu a makarantu da dama, saboda rashin wuta da ɗakin aiki da malamin da ya iya tayar da su. Darasin aikin hannu ya koma zane a allo da hadda, aka ci jarrabawa, kowa ya gamsu.

Shirin SIWES na tura ɗalibai masana'antu, wanda asusun horar da ma'aikatan masana'antu na ITF ya ƙirƙiro a 1973, shi ma a wurare da yawa ya koma cika littafin rahoto da farautar hatimi.

A kasuwar Panteka ta Kaduna kuwa, ɗan koyo yana gane zafin ƙarfe daga launinsa, tun yana ja wur har ya koma ruwan lemo, yana kuma jin ƙarar sandar walda ya san ko ya nisanta ta da ƙarfen fiye da kima, abin da babu bayanin malami da zai dasa shi a hannun mutum. Masu kare kwali sukan ce wannan yaro bai san dalilin abin da yake yi ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, amma ƙara masa lissafi da sanin sinadarai ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan mayar da injiniyan da bai taɓa kwance inji ba ma'aikaci, ga shi kuma na biyun ake ɗauka aiki.

Ya kamata hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE da jami'o'i su hana takardar shaidar kowane fannin fasaha ga ɗalibin da bai haɗa abu da hannunsa a gaban masu jarrabawa ba.