Tsutsar auduga a gonar wardi: jan kunne ga masu sayar da maganin ƙwari

Jama'a, duk mai shiga rumfar turare a kasuwar Konni, Ɗan Isa ko Maigatari ya san darajar man wardi, musamman na Ɗa'ifa wanda alhazai ke kawowa tsaraba. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, furen da ake tatsar wannan mai daga gare shi yana fama da abokiyar gaba ɗaya da tumatirinmu, watau tsutsar auduga, wadda masana ke kira Helicoverpa armigera.

Ana noman wardin turare a Isparta ta Turkiyya, da kwarin Kazanlak na Bulgeriya, da Kashan ta Iran, da Ɗa'ifa ta Saudiyya, da wasu sassan Indiya. Sau ɗaya ake girbinsa a shekara, cikin ƴan makwanni, kuma da asuba ake tsinke furen da hannu kafin rana ta kwashe ƙamshin. Sai an dafa fure kimanin tan 3 zuwa 4 kafin a samu mai kilo 1. Ke nan duk furen da ya lalace asara ce babba.

Uwar wannan tsutsa wani irin malam-buɗe-littafi ce mai yawon dare. Tana zuba ƙwai ɗaruruwa, ɗaya-ɗaya a kan toho da ganye. Da sun ƙyanƙyashe, sai tsutsar ta huda furen tun bai buɗe ba, ta cinye cikinsa. Haka take yi wa auduga, tumatir, kuɓewa, wake da masara; tsirran da take ci sun haura iri 100.

To, ga inda gizo ke saƙar. Manomin wardi ba ya iya fesa guba yadda ya ga dama. Masu sayen man a Turai suna auna shi a ɗakin bincike, kuma in aka ga ragowar guba a ciki, darajar kayan ta faɗi. Shi ya sa mai neman ciniki mai kyau yake komawa ga sa ido a gona, tarkon ƙamshi mai jawo mazan ƙwarin, da magungunan da ake yi da ƙwayoyin halitta irin Bt. Ga shi kuwa turare ne, a jiki kawai ake shafa shi. Mu fa? Tumatirin da aka fesa jiya, yau yana kan tire a kasuwa, gobe yana cikin miyar ƴaƴanmu.

A ganina, kaso mai yawa na laifin yana kan teburinmu na ƴan kasuwa. Ku zagaya kowace kasuwar iyaka, za ku tarar da maganin ƙwari a cikin gorar lemo ko ƙullin leda, babu suna, babu ranar lalacewa, babu awo. Wani an surka shi da ruwa ko kananzir. Manomi ya fesa, raunanan tsutsotsi su mutu, masu taurin rai su hayayyafa. Baɗi sai ya ninka awo.

Ba yau aka fara ganin haka ba. A ƙarshen shekarun 1990 wannan tsutsa ta daina jin magungunan da aka saba fesa wa auduga a Afirka ta Yamma, har aka koma ga wata guba mai suna endosulfan. Mutane da dama suka rasa rayukansu a arewacin Benin sanadiyyarta. A 2007 kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen CILSS ya haramta ta, a 2011 kuma yarjejeniyar Stockholm ta sa ta cikin jerin waɗanda za a kawar a duniya.

Na san wani zai ce: "Malam, talaka araha yake nema, in ban sayar ba maƙwabcina zai sayar." Gaskiya ne. Amma manomin da maganinka ya ƙi yi masa aiki, ya yi asarar lambunsa, da me zai dawo ya yi ciniki? Araha ba ta ado.

Shawarata uku ce. Na farko, kada mu saro sai maganin da ke cikin mazubinsa na asali, mai lambar amincewar hukuma. Na biyu, mu gaya wa mai saye awon da aka rubuta, da kwanakin da zai jira kafin ya tsinki kayan lambu; in ba mu iya karatun takardar ba, mu tambayi malamin gona. Na uku, sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyinmu na ɓangarorin iyaka biyu su hana ƙulla guba a leda, su kuma raba rumfunanta da na kayan abinci.

Wannan tsutsa ba ta tsayawa a shingen duwan, ba ta da takardar tafiya. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.