Mi ke fiddo mu kasuwa tun da asuba?

Ƴan kasuwa maza da mata, ku tambayi kowa abin da ke fiddo shi daga gida tun da asuba, zai ce maku neman abin kai wa baki. Gaskiya ne. Amma mai buhu dubu cikin mangaza shi ma haka yake faɗi, alhali yunwa ta daɗe da mance ƙofar gidansa. To shi mi ke tura shi?

Kiristoci suna da amsar da ta cancanci a saurara. Wani babban malaminsu, Ogustin, wanda aka haifa a shekarar 354 cikin ƙasar da ake kira Aljeriya yau, ya koyar da cewa abin da mutum ya fi so shi ke jan sa, kamar yadda nauyi ke jan dutse ƙasa. A ganinsa, dukiya da suna ba mugun abu ba ne. Ɓarnar tana farawa ran da aka sa riba gaban maƙwabci, aka sa kai gaban Allah.

Littafin Ayyukan Manzanni ya kawo misali. Barnaba ya saida gonarsa, ya kawo kuɗin don mabukata. Hananiya da matarsa Safiratu su ma suka saida tasu, suka ɓoye wani kashi, suka nuna kamar duka ne. Ba wanda ya tilasta masu bayarwa. Yabo suke so a farashi mai rahusa. A ido aiki guda ne, amma zuciya ta sha bamban. Littafin ya kuma ambaci Lidiya, mai saida tufafi masu tsada, wadda ta sauki Bulus gidanta. Ba a ce ta bar sana'arta ba.

Mu tuna shekarar 2005. Akwai hatsi cikin kasuwannin Maraɗi, amma tiyar gero ta fi ƙarfin talaka, yara suka yi ta ramewa. Fari da ɗango sun yi tasu ɓarnar, wannan ba gardama. Sai dai ba su ke sa mutum kulle mangaza yana jiran farashi ya ƙara hawa ba. Zuciya ce.

A ra'ayina, dokar hukuma ba ta isa ta gyara awo ba, tunda ba a iya aje jandarma gaban kowace tiya. Musulmi ma sun san matsayin niyya. Saboda haka hajiya, alhaji, kafin ki cika tiya, kafin ka yanka farashi, kowa ya tambayi ransa: don wa nike wannan?