Waiwaye: Tiyatar Gwiwar Yaro Ɗan Ƙwallo

A shekarar 1917, a birnin Bristol na Ingila, wani likita mai suna Ernest Hey Groves ya yanko zirin jijiya daga gefen cinyar majinyaci, ya huda ƙashin cinya da na ƙwauri, ya zura zirin ta ramukan ya ɗaure. Da wannan ya maye gurbin ɗaya daga cikin jijiyoyi biyu da suka gitta juna a tsakiyar gwiwa, wato ta gaban, wadda likitoci ke kira ACL. Aikinta hana ƙwauri zamewa gaba da murɗewa idan mutum ya yi birki ko ya juya da gudu. In ta tsinke, da wuya ta haɗe da kanta ta koma yadda take, shi ya sa ake dasa wata. Yau da kyamara ake aikin ta 'yan ƙananan ƙofofi, amma tushen dabarar na Hey Groves ne: a huda, a zura, a ɗaure.

Ga babba wannan ba matsala. Ga yaro kuwa, daidai inda za a huda ɗin nan ne tsayinsa yake fitowa. A ƙarshen ƙashin cinya da kan ƙashin ƙwauri akwai shimfiɗar guringuntsi inda ƙashi ke ƙaruwa. Ta cinyar tana ba da kusan santimita 1 a shekara, ta ƙwaurin kusan milimita 6, kuma ba sa rufewa sai wajen shekara 14 ga 'yan mata, 16 ga samari. Masu bin ƙwallo sun san irin wannan shimfiɗa ko da ba su san sunanta ba: ita ake dubawa a wuyan hannu da na'urar MRI don tantance shekaru, gwajin da FIFA ta shigo da shi a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Najeriya a 2009. In aka ɓata wannan shimfiɗa a gwiwa, ƙafa ɗaya na iya gajarcewa, ko ta karkace yaro ya zama gwame.

Saboda wannan tsoro, likitoci suka shafe shekaru masu yawa suna ba iyaye shawara guda: a sa wa gwiwa takalmin tallafi, a bar wasa, a jira ya gama girma. A takarda shawarar ta yi ma'ana. Amma wa ya taɓa ganin ɗan shekara 12 da ya zauna shekara huɗu bai yi guje-guje ba? Zai fita, gwiwa ta turguɗe, ya tashi, ta sake turguɗewa. Kowace turguɗewa kuma tana iya yaga guringuntsin nan mai kama da matashi da ke tsakanin ƙasusuwan biyu, wanda in ya lalace ba ya dawowa. A 2011 likitocin asibitin yara na Philadelphia suka bi bayanan yara 'yan shekara 14 zuwa ƙasa, suka ga waɗanda aka jinkirta wa tiyata fiye da mako 12 sun fi samun yagewar da ba ta ɗinkuwa, da wajen ninki huɗu. An tsare tsayin ƙafa, an bar gwiwa ta kama hanyar amosanin gaɓɓai tun mai ita bai yi aure ba.

Mafita ta zo ne daga masu neman yadda za su kauce wa wurin girman. A Boston, Lyle Micheli da Mininder Kocher suka koma ga zirin nan na gefen cinya, suka zagaya da shi ta bayan ƙashi suka ɗinke ba tare da huda ba, suka wallafa sakamakonsu a 2005. A Nashville, Allen Anderson ya nuna a 2003 cewa ana iya huda ramukan a can ƙarshen ƙashi, ba a taɓa shimfiɗar ba. Wanda ya kusa gama girma kuwa ana huda masa siririn rami ta cikinta. Ba kowane yaro ne sai an yi wa aiki ba. Likitocin Norway sun nuna wasu na zaman lafiya da gashi da atisaye kawai, muddin gwiwar ba ta turguɗewa kuma ana bibiyarta. Abin da aka daina shi ne barin gwiwa mai rawa haka nan da sunan jira.

Abin da ya fi damuna shi ne rabin labarin na biyu. Yayin da ake jan ƙafa kafin tiyata, bayanta gaggawa ake yi. Tun da Donald Shelbourne na Indianapolis ya nuna a 1990 cewa motsa gwiwa da wuri ya fi ɗaure ta, wanda gaskiya ne, sai wata shida ya zama kamar doka ta komawa fili. Daga baya alƙaluma suka fito. Wani nazari na 2016 da ya tattara bincike da dama ya gano cewa cikin 'yan ƙasa da shekara 25 da suka koma wasa, kusan ɗaya cikin huɗu ya sake tsinka jijiya, ko a gwiwar da aka gyara ko a ɗayar. A shekarar dai, binciken haɗin gwiwa na Delaware da Oslo ya nuna kowane wata da aka ƙara jira, har zuwa na tara, yana rage haɗarin sake rauni da kusan rabi. Dalilin a fili yake: jijiyar da aka dasa takan yi rauni a watannin farko kafin jini ya ratsa ta ta zama ta wurin, kuma ciwo na tafiya tun ƙarfi bai dawo ba. A 2018 kwamitin Olamfik na duniya ya fitar da matsayar ƙwararru cewa yaro ya yi aƙalla wata 12 kafin ya koma wasa mai juye-juye, kuma sai ya ci gwajin ƙarfin cinya da na tsalle. Ɗan ƙwallo Virgil van Dijk, ƙato da ya gama girma, ga likitocin Liverpool a kansa dare da rana, ya ji irin wannan rauni a Oktoban 2020, bai buga wasan gasa ba sai Agustan 2021.

A wajenmu matsalar takan fara tun kafin a kai ga wannan. Yaro ya faɗi a filin unguwa, ya ji ƙas a gwiwa, kafin magariba ta kumbura. A ce targaɗe ne, a kai shi wurin mai ɗori a ja a shafa magani. Ko an yi hoton ƙashi, sai a ce babu karaya, alhali hoton ƙashi ba ya nuna jijiya. Bayan mako uku kumburi ya sace, koci na cewa akwai masu zuwa ɗaukar 'yan wasa, uba na cewa ai ya warke. Masu ɗori sun san karaya, ban raina musu ba, amma wannan ciwo ba nasu ba ne. Gwiwar da ta yi ƙara, ta kumbura cikin sa'o'i, daga baya take sulluɓewa in an juya, likitan ƙashi take buƙata, irin na asibitin Dala a Kano, wanda da hannu ma zai iya jan ƙwaurin ya ji ko jijiyar na nan. 'Yan mata masu ƙwallo sun fi maza haɗarin wannan rauni, su ne kuma aka fi yi wa shiru.

Tiyatar da gashin shekara guda sun fi ƙarfin yawancin gidaje, don haka nake ganin nauyin ya fi hawa kan koci. Akwai ɗumin jiki na minti 20 da FIFA ta tsara, 11+, mai koya wa yaro yadda zai dira da yadda zai juya gwiwa ba ta faɗa ciki ba. An gwada shi a ƙungiyoyi 20 na gasar matasan Legas, aka wallafa a 2014 cewa raunuka sun ragu da kashi 41 cikin ɗari. Ba ya buƙatar komai sai ƙwallo da fili da kocin da zai tsaya a kai aƙalla sau biyu a mako.