Sikanin Ciki: Kada Ki Jira Sai Wata Bakwai

Yau da ke nake, 'yar'uwa mai juna biyu, da kai maigida mai biyan kuɗin.

Da zarar an kwantar da mace an shafa mata man nan mai sanyi a mara, tambayar farko ita ce: "Likita, mace ce ko namiji?" Saboda wannan tambayar mata da yawa suke jinkirta sikanin sai ciki ya kai wata bakwai ko takwas. A nan ake tafka asara, domin hoton da ya fi amfani shi ne na farkon ciki.

Tun a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta yi sikanin sau ɗaya kafin mako 24. Babban dalili shi ne lissafi. Wata kan ɗauki ciki tana goyo, ba ta ga al'ada ba balle ta riƙe ranarta. Idan aka auna tsawon ɗan tayi a watanni ukun farko, kuskuren lissafi bai cika wuce mako ɗaya ba. Idan aka bari sai wata na takwas, yana iya kaiwa mako uku. Da wannan lissafin ne likita zai ce ciki ya wuce lokaci a sa ruwan naƙuda, ko ya ce a dakata jariri bai ƙosa ba. Mako uku ba abin wasa ba ne a irin wannan hukunci.

Sai maganar da ta shafi rai. Wani cikin ba a mahaifa yake zama ba, a bututun ƙwai yake maƙalewa, in ya girma ya fasa shi jini ya taru a ciki. Sikanin na iya gano wannan tun wajen mako shida zuwa bakwai. Idan kin yi ɓatan wata, sai ga ciwon mara a gefe guda, da ɗigar jini ko jiri, a ranar za ki je asibiti. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Tsakanin mako 18 da 22 ake duba kan jariri, zuciya, ƙashin baya da ƙoda, a kuma ga inda mabiyiya ta kwanta. Idan an ce miki ta sauko ƙasa, kwantar da hankalinki: yawanci tana ɗagawa yayin da mahaifa ke girma, za a sake dubawa wajen mako 32. In ta rufe ƙofar mahaifa, to haihuwa sai da tiyata, kuma gara a sani da wuri a tanadi jini da kuɗi.

Masu tsoron wai hoton yana ƙona jariri, ba irin hoton ƙashi ba ne. Sauti ne wanda kunne ba ya ji, yana shiga jiki ya dawo kamar amsa-kuwwa, na'ura ta mayar da shi hoto. Tun 1958 da likitan mata Ian Donald na birnin Glasgow ya wallafa aikinsa a kai ake ta faɗaɗa amfani da shi. Maza ma ana duba musu hanta, ƙoda da mafitsara da shi.

Abin da ke damuna shi ne wuraren sikanin da suka cika titunan Legas da Abuja. Mutum ya kai kansa ba likita ya tura shi ba, a miƙo masa takarda, ya zarce kemis ya sayi allurai. Sikanin ba ya nuna taifot, ba ya nuna maleriya. Takardar nan a hannun wanda ya duba ki a wajen awo take da ma'ana, shi za ki kai wa.

Ranar zuwa, in hoton mara ne a farkon ciki, sha ruwa ki riƙe fitsari. In na matsarmama ne, a bar abinci na kimanin awa shida kafin a je.