Kyautar Naira Dubu Biyar Da Abin Da Ke Bayanta

A makon jiya wani tsohon ɗalibina ya kira ni daga Dogon Dawa, inda yake koyarwa a wata makaranta. Bayan gaisuwa da tambayar iyali sai ya ce, "Malam, shawara nake nema, amma don Allah kada ka yi mini dariya." Wai malaman makarantarsu sun ƙulla cewa a Sallar bana za su yi wa juna kyauta. An rubuta sunaye a 'yan takardu, an zuba a hula, kowa ya ɗauki ɗaya, kuma an yanke cewa kada kyautar ta wuce ta Naira dubu biyar. Shi da ya warware tasa takardar sai ya ga sunan shugaban makaranta.

Na yi dariyar, ba zan ɓoye ba. Amma da na ajiye waya sai na ga maganar ta fi ƙarfin dariya, shi ya sa na kawo ta wannan fili.

Wannan al'ada ta jefa ƙuri'a a kan sunaye baƙuwa ce. A ofisoshin Amurka da Ingila ake yin ta lokacin Kirsimeti, kuma hikimarta ita ce a sauƙaƙa wa ma'aikaci: maimakon ya saya wa mutum ashirin, ya saya wa mutum ɗaya. Ba ni da wata rigima da aro. Matsalar ita ce an dasa ta a ƙasar da kyauta take da tsohon tsari, kuma kowace kyauta tana da sunanta gwargwadon inda ta fito da inda ta dosa. Wanda ya dawo daga tafiya tsaraba yake kawowa. Saurayi toshi yake kaiwa. Ɗan aiken da ya kawo kyauta tukwici ake ba shi. Barka da Sallah daga babba take gangarowa zuwa ga ƙarami. Idan kuwa kyauta ta tashi daga ƙasa ta yi sama, daga talaka zuwa ga basarake ko daga yaro zuwa ga ubangidansa, sunanta gaisuwa, kuma kowa ya san mai kai gaisuwa yana da abin da yake fata.

Nan ne ɗalibina ya tsinci kansa. Ƙuri'a ba ta san babba da yaro ba, amma idon mutane ya sani. In ya tsaya a kan dubu biyar, yana tsoron a ce ya raina shugaba. In ya zarce, abokan aiki za su ce neman fada yake yi, kuma duk ranar da aka zaɓe shi zuwa wani kwas ko aka rage masa darasi, za a tuno da shaddar da ya kai. Shi ma shugaban bai tsira ba. Malamanmu sukan kawo labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi (SAW) ya tura karɓar zakka, ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa, aka kuma tsawata masa, domin da yana zaune a gidan iyayensa kyautar ba za ta iske shi ba. Duk mai riƙe da alƙalamin da ke sa hannu a kan takardar wani ya kamata ya ji nauyin wannan labari.

Sai kuma batun adadin. Dubu biyar a bakin wanda ya yanke ta ba kuɗi ba ce. Amma mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 Naira 70,000 ne, wato dubu biyar ta haura ladan kwana biyu ga mai gadi ko mai shara. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye ribar duk wata sayayya. Mutumin Dogon Dawa da ke son turare ko yadi mai kyau sai ya nufi Funtuwa ko Zariya, a kan hanyar da shekara da shekaru matafiyi ba ya hawanta sai ya yi sallama da iyalinsa kamar ba zai dawo ba. Garin ne fa aka kai wa masallata hari da asuba a watan Oktoban 2012, tun kafin sauran ƙasar ta san me ake kira 'yan bindigar daji. Al'amura sun ɗan lafa bayan sulhun da aka yi a ƙarshen 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, amma aljihun da ya sha biyan kuɗin fansa da harajin noma ba ya cika a damina ɗaya.

Wani masanin tattalin arziki a Amurka, Joel Waldfogel, ya yi lissafi a 1993 cewa kyaututtukan Kirsimeti kan yi asarar tsakanin kashi goma cikin ɗari zuwa sulusin darajarsu, saboda mai saye bai san abin da mai karɓa yake so ba. A wurinsa gara a miƙa kuɗin kawai. Lissafin bai yi ƙarya ba, kowa yana da agogon bango ko kofin shayin da aka ba shi bai taɓa amfani da shi ba. Sai dai ka gwada miƙa wa shugabanka dubu biyar a ambulan ka ga irin kallon da zai yi maka. Matanmu sun fi Waldfogel fahimtar lamarin. A littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga hirarrakin da suka yi a Giwa da Zariya ya kuma fito a 1954, ana ganin yadda ƙawaye ke yi wa juna biki, kowace in ta tashi ramawa sai ta ninka. Bashi ne da ba a so a gama biya, domin ranar da aka yi daidai, ranar ƙawancen ya tsaya. Wannan yana da daɗi tsakanin mutum biyu da suka zaɓi juna. A wurin aiki, inda hula ce ta haɗa ku, ninki hanya ce ta tsiyata ƙarami.

Abin da na gaya wa ɗalibina gajere ne. Na ce kada ya ƙara ko sisi a kan abin da aka yanke, domin ƙa'idar ita ce garkuwarsa. Na ce ya nemi abin da ake ci ko ake shafawa ya ƙare, ya bar abin da ake ratayewa a ofis ya riƙa tuna wa kowa wanda ya kawo shi. Kuma ya nemi abin da ƙasar take bayarwa, wanda darajarsa a wahalar zaɓe take: man shanu mai kyau daga hannun wadda ya amince da ita, ko zuma in ya san mai amya, ko daddawa da kuka da aka daka a gida. Kyauta irin wannan ba shugaban kaɗai take shafa ba, tukunyar gidansa take shiga, kuma uwargida ce za ta yi godiya.

A son raina ma da watanda suka yi. A haɗa kuɗi gwargwadon ƙarfi a yanka dabba a kasa nama, babu wanda zai san kason wa ya shiga tukunyar wa. Na faɗa masa haka, ya ce, "Malam, an kawo wannan shawara, amma matasan cikinmu sun ce ta tsufa."

Shekaranjiya ya sake kira. Ya samu man shanu kwalba biyu, har da canji ya rage. Yanzu damuwarsa ta koma kan wani abu dabam: ya ji ƙishin-ƙishin cewa mai gadin makarantar ne ya ɗauki sunansa, kuma mutumin ya fara neman rance.