An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Akwai kalmar da ta zama ruwan dare a garejojin bakin titin Kano zuwa Maiduguri, musamman a Wudil, garin da gadarsa ke ɗauke da motocin gabas dare da rana. Kalmar ita ce alaimen. Mota na janyewa gefe guda, a yi mata alaimen. Sitiyari na karkarwa, alaimen. Taya ta suɗe cikin wata biyu, alaimen. A ganina wannan kalma ta zama mayafin da mai mota da bakanike ke lulluɓe wa juna ido da shi, fasinjan da bai ji ba bai gani ba kuma shi ke ɗaukar kasadar.

Alaimen saiti ne kawai, wato daidaita fuskar tayoyin gaba domin su dubi inda motar ta dosa. Saiti kuwa ba ya zama sai a kan ƙarfe mai lafiya. Golf ko Sharon ɗin da ta ƙare ƙuruciyarta a titunan Turai kafin ta iso Kano, sau da yawa tayarod ɗinta ya yi lako-lako, robobin ƙafarta sun tsattsage, shokazobarta ta tsiyaye. Ka saita irin wannan mota da hantsi, ramin farko da ta faɗa kafin azahar ya kwance aikin. Kuɗi sun fita, cuta na nan.

Abin takaicin shi ne gano cutar ba ya bukatar kwamfuta. Jak da tafin hannu da minti 10 sun isa. A ɗaga gaban motar, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. Idan ta yi motsi, boris ne ko mahaɗin ƙafa na ƙasa. A kama ta dama da hagu. Motsi a nan na tayarod ne. A sauke motar, a danna kusurwarta da ƙarfi a saki. Idan ta ci gaba da lilo, shokazoba ta mutu. Motar da ke janyewa hagu, a fara auna iskar tayoyinta, sannan a musanya na gaba biyun. In ta koma janyewa dama, laifin taya ne. Wadda kuma ba ta janyewa sai an taka birki, a nemi ciwonta a birki.

Ita kanta tayar shaida ce da ba ta karɓar toshiyar baki. Cinyewar tsakiya iska ce ta yi yawa, cinyewar gefe biyu iska ce ta yi kaɗan. Idan gefe ɗaya tak ya suɗe, ko ka shafa hannu ka ji kaifi kamar haƙoran zarto, a nan ne maganar saiti ta taso, ita ma bayan an tabbatar ƙarafan ba sa wasa. Bakaniken da bai shafa taya ba ya ɗauko sifana, kamar malamin asibitin da ya rubuta magani tun marar lafiya bai zauna ba ne.

Na san hujjar direbobi, ba kuwa na raina ta. Kayan gyara a Ƙofar Ruwa sun yi tsada, mai na cinye ciniki, mai mota na jiran balas da yamma. To amma a yi lissafi. Taya mai faɗin santimita 60 daga baki zuwa baki, idan fuskar tayoyin gaba ta kauce da milimita 3 kacal, ana jan kowace ɗaya a kaikaice kimanin mita 2 da rabi a kowace kilomita. Daga Wudil zuwa Kano, tafiyar kusan kilomita 40, kamar an goga ta a kan kwalta tsawon mita 100 ke nan. Mai gudun kuɗin tayarod yana biyan su ninki a wurin mai taya da gidan mai.

Mafi muni shi ne dabarar bubbuga mahaɗin da ya cinye da guduma, ko cusa masa guntun roba, don ya daina ƙara. Ƙarar ita ce gargaɗin, an toshe mata baki. Ran Juma'a, ranar kasuwar Wudil, a loda wa motar fatake da buhuna fiye da ƙarfinta. Mahaɗin ya fizge a guje, taya ta lanƙwashe, sitiyari ya zama ado a hannun direba. Sai a ce tsautsayi ne. Lalle tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma wannan tsautsayin ya yi wata uku yana ƙwanƙwasawa a ƙarƙashin mota kowa na ji.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana kan titunanmu tun 1988, ga kuma jami'an duba lafiyar motoci. Takarda ake tambaya a shinge, alhali takarda ba ta riƙe taya. Wudil kuma garin jami'ar kimiyya da fasaha ne, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Dangote. Ɗalibanta na injiniya suna shiga waɗannan motoci duk ƙarshen zango. Me zai hana ƙungiyar direbobi ta ajiye jak guda a bakin tasha, ta ce ranar Alhamis duk motar da za ta yi lodin kasuwa sai an ɗaga gabanta an girgiza tayoyin?