Haƙƙin Tsohon Soja A Kan Jama'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa.

Bayan haka, ku sani mazan jiya sun kusa ƙarewa. Waɗanda aka ɗauka soja a Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1939 da 1945, kaɗan ƙwarai suka saura, kuma sau da yawa in ɗayansu ya cika, sai ka ga sahun jana'izarsa bai kai na wani mai dukiya ba.

A dubi rayuwar Chari Maigumeri, don a san irin waɗannan mutane. Tun yana matashi ya shiga sojan Jamus a Kamaru. Turawan Ingila suka kama shi a Garwa a 1915, ya shiga rundunarsu a 1917. Ya yi yaƙin Habasha, ya yi na Burma, ya kai saje manja, sa'an nan ya huta a 1953 da girman kyaftin. Har yanzu akwai bariki a Lakwaja mai sunansa. To, shi ya sami suna. Dubbai da suka tafi tare da shi fa?

An ɗebo su daga ƙauyuka, aka zuba su cikin jirgin ruwa zuwa Indiya. Suka ratsa kurmin Kaladan da na Arakan da kaya a ka, ga ruwan sama, ga zazzaɓi, ga sojan Japan, har aka ci Myohaung a Janairun 1945. Da yawa can aka rufe su, ba ɗan'uwa a kan kabari. Waɗanda Allah ya komo da su suka zama masu gadi, da direbobi, da manoma, suka tsufa a tsakanin jama'a.

Wasu suna cewa ai yaƙin Nasara suka yi. Wannan magana ba ta kayar da farilla. Wanka da likkafani da salla da binnewa farilla ce ta kifaya a kan al'umma ga kowane Musulmi. In kowa ya bari, laifin ya hau kan kowa. Niyyar bawa kuwa Ubangijinsa ne ya san ta. Da yawansu ma sarakuna ne suka ba da su, ba a tambaye su ba.

Saboda haka, malamai su tsaya a yi masa wanka bisa sunna, a yi kabbara huɗu, a kwantar da shi ta hannun dama yana fuskantar alƙibla. Su tuna wa magada jeri: kuɗin sutura tukuna, sa'an nan bashi, sa'an nan wasiyya cikin sulusi, kana gado. Fatake da 'yan kasuwa kuma, wanda yake binsa bashin hatsi ko na yadi, ya yafe in yana da hali. A rufe rumfa sa'a ɗaya a raka shi makwanci, a kuma leƙa iyalinsa bayan kwana uku, domin a lokacin ne gida yake yin shiru.

Allah ya jiƙan waɗanda ke kwance a Burma da waɗanda ke kwance a gida, ya sa a cika da imani. Haza wasalam.